Jirgin da ke cikin aljihun mutanen Ƙonni

Da za a ƙirga inda aka fi danna alamar ɗan jirgin nan da ke kan wayoyi da tabulet, ina kyautata zaton hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato za ta sha gaban filayen jirgin sama da dama. Ɗan canji yana dannawa, ɗan kabu-kabu yana dannawa, dillalin albasar Galmi yana dannawa kafin ya kira abokin cinikinsa, har yarinyar da aka aika da tabulet ɗin gida wurin mai caji ta san inda maɓallin yake. Mafi yawansu ba su taɓa taka matakalar jirgi ba, wanda ya taka kuwa galibi a tafiyar aikin Hajji ce. Amma sun mai da maɓallin kayan aiki na yau da kullum, kuma suna da hujja. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, da yawa suna dannawa ba tare da sanin abin da yake yankewa da abin da yake bari ba, sannan waɗanda ya kamata su raba mu da yawan dannawar sun bar mana ɗawainiyar.

Tushen lamarin iyaka ce. A Nijar kamfanonin salula huɗu ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda a da ake kira Orange, da Niger Telecom da aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. A tsallake kuma ga MTN, ga Glo, ga Airtel ɗin Najeriya. Kowane kamfani ya kafa eriyarsa a ƙasarsa, da izinin hukumar ƙasarsa. Sai dai igiyar rediyo ba ta tsayawa gaban jami'in kwastan. A tsarin GSM, wanda har yanzu shi ne ke ɗaukar kiran ƙananan wayoyinmu, eriya guda tana iya magana da waya har nisan kilomita 35 idan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma tsakanin Ƙonni da bakin iyaka bai kai ko kusa da haka ba. Saboda haka mutum yana zaune ƙofar gidansa, bai motsa ko taki ɗaya ba, wayarsa tana jin kira daga ƙasashe biyu. Idan rezon gida ya yi rauni, kuma layin da ke ciki yana da izinin aiki a waje, sai ta maƙale wa eriyar maƙwabta. Daga wannan lokacin, a lissafin kamfani, mai wayar matafiyi ne, kuma farashin matafiyi za a yanka masa.

Nan ne ɗan jirgi yake shigowa. Da ka danna shi, na'urar tana kashe duk sassan da ke aika saƙo ta iska: na layin salula, na wifi, da na Bluetooth. Da ka sake dannawa, sai ta farka ta fara neman rezo daga farko, kuma sau da yawa sai ta koma kan rezon kamfanin da ya ba da layin. Shi ya sa dabarar take ci. Ba wani asiri a ciki, tilasta wa wayar ka yi ta sake gabatar da kanta. Amfaninsa a kan kashe waya gaba ɗaya shi ne sauri, don tabulet mai arha tana iya cin minti biyu ko uku kafin ta gama tashi.

Tabulet tana da nata bambancin da ya kamata mai saye ya sani tun a shago. Wata tana da ramin layi, wata ba ta da shi sam, wifi kaɗai ta sani. Wadda ba ta da layi ba ruwanta da rikicin iyaka, kuma a kanta ɗan jirgi wifi da Bluetooth kawai yake kashewa. Wadda take da layi kuwa waya ce babba, duk abin da ke samun salula yana samun ta, har ma ta fi cin kuɗi, domin ita ake buɗe wa bidiyo, kuma ita ce manhajojinta ke sabunta kansu cikin dare ba wanda ya tambaye su. Mega ɗin da ka saya a Ƙonni na rezon gida ne. Idan tabulet ta tsallaka eriyar Najeriya kuma an bar mata damar shan data a waje, yawanci ba daga wannan mega za a cire ba, daga kuɗin da ke cikin layin ne.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma a ganina shi ne mafi amfani a duk maganar, shi ne cewa ɗan jirgi ba ƙulli ɗaya ba ne. Bayan ka danna shi kana iya komawa ka kunna wifi shi kaɗai, ko Bluetooth shi kaɗai, layin salula yana nan a kashe. Sababbin na'urori ma suna riƙe wannan zaɓin, gobe idan ka danna jirgi ba za su taɓa maka wifi ba. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da kamfanin intanet na Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, wuraren sayar da wifi suka yawaita. Wanda ya sayi tikitin awa guda a irin wannan wuri, idan ya bar datar layinsa a kunne, da wifi ɗin ya yi rauni wasu na'urorin sai su koma kan layi shiru, yana kallo yana murna, kuɗinsa na zurarewa. Ya sa jirgi, ya kunna wifi, an rufe wannan ƙofar. WhatsApp zai yi aiki, kiran murya da na bidiyo na cikinsa za su shiga, Facebook zai buɗe.

Amma ga inda ake tuntuɓe. Kiran waya na yau da kullum ba zai shigo ba, mai kiranka zai ji kamar wayar a kashe take. Saƙon tes ba zai iso ba, yana can ajiye wurin kamfani har ka dawo, idan ka daɗe ƙwarai kuma ya lalace. Lambobin nan masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani, waɗanda ake duba kuɗi ko tura su da su, duk ta layin salula suke bi, wifi ba ya ɗaukar su. Haka lambar sirri da banki ko manhajar tura kuɗi ke aikowa ta tes. Na taɓa tsayawa a wata rumfar caji inda wani dattijo ya ɗaure fuska, tabulet a hannu, yana cewa ɗansa ya rantse daga Legas ya turo kuɗi amma ba abin da ya shigo. Yaron rumfar ya karɓa ya duba, ya ce, “Baba, ai tana jirgi. Wa ya sa maka ita haka?” Dattijon ya ce jikansa ne ya ce hakan na rage cin batir. Yaron ya ce, “Gaskiya ya faɗa, Baba, amma bai ƙarasa maka ba.” Ana cire jirgin, saƙonni suka yi ta shigowa a jere. Jikan bai yi ƙarya ba, rabin karatu ya bayar.

Maganar batir kuwa gaskiya ce mai tushe, kuma a yankin nan ba ƙaramar magana ba ce. Waya ba ta magana da eriya da ƙarfi ɗaya kullum. Idan eriyar tana kusa, da ɗan ƙarfi kaɗan take aikawa. Idan ta yi nisa sai ta ƙara, a GSM har zuwa wat 2, wanda ya ninka ƙarfin wifi na gida sau da yawa. Idan babu rezo gaba ɗaya, ba ta haƙura, sai ta yi ta lalube. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan da ke bayan Badagishiri, ko ya shiga gonakin da ke nesa da Dogarawa, ya san yadda batir ke zubewa alhali ko kira ɗaya bai yi ba. Ƙara da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batirin waya. A irin wannan wuri, sa jirgi shi ne daidai, ka cire idan ka hau tudun da kowa a ƙauyen ya san nan ake samun rezo.

Mun ga darajar wannan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a warware ba sai cikin watannin farko na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, tana nan, amma ba za ta ɗauki yanki duka ba. A waɗannan watannin kowane kashi ɗaya na batir kuɗi ne da ake biya wurin mai janareto ko mai faifan sola. Na'urar da ke jirgi tana saurin cika idan ana caji, ko da yake bambancin ba shi da yawa kamar yadda ake zuzutawa. Babbar ribar tana cikin awannin da take kwance ba ta laluben eriya.

Akwai sashe ɗaya da ɗan jirgi ba ya kashewa a na'urorin zamani, wato GPS. Dalili kuwa shi GPS saurare kawai yake yi, ba ya aika komai. Taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 su ne ke ta watso saƙo, na'urar tana lissafa inda take daga abin da ta ji. Wannan ya shafi duk ma'aikacin lafiya, malamin gona ko mai ƙidaya da aka ba tabulet ya shiga ƙauye da manhaja irin KoboCollect ko ODK. An gina waɗannan manhajojin ne don su yi aiki ba intanet: a cike takarda, a ɗauki hoto, a ɗauki alamar wuri, a ajiye, sai an dawo gari a tura. Ma'aikacin da ya sa jirgi tun daga tasha zai wuni yana aiki. Abin da zai lura da shi kawai, GPS ɗin zai ɗan jima kafin ya kama a karon farko, don a da rezo ne ke taimaka masa da bayanin inda taurarin suke. Ya fita fili, ya bar ƙarƙashin kwano, ya ba shi 'yan mintoci.

To me ya kawo jirgi cikin lamarin tun asali? A 1991 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta hana amfani da salula a cikin jirgin da ke sama, kuma babban abin da ya dame ta eriyoyin ƙasa ne: wayar da ke can sama tana ganin eriya da yawa lokaci guda, tana gudu a kansu, tana rikita tsarin da aka gina don masu tafiya a ƙasa. Hukumomin jiragen sama kuma suna tsoron kada wayoyi su shiga na'urorin matuƙi. A Oktoban 2013 hukumar jiragen Amurka, FAA, ta sassauta, ta yarda fasinja ya riƙe na'urarsa a kunne tun daga tashi har sauka, muddin tana jirgi. Turai ta ƙara gaba a 2022, ta buɗe hanyar da kamfanonin jirage za su iya ba fasinja rezon 5G a cikin jirgi. Wato can inda aka ƙirƙiro maɓallin, buƙatarsa raguwa take yi.

Wanda yake ganin tsoron matuƙa jirgi shaci-faɗi ne, ya tuna ƙarar nan ta “dit-dit-dit” da ke fita daga lasifikar masallaci ko rediyo dab da waya za ta yi ƙara. Wayar GSM ba ta aikawa a miƙe, tana fizga ne kusan sau 217 a daƙiƙa guda, kuma wayoyin amfilifaya suna kama wannan fizgar su mai da ita sauti. Matuƙi ba ya son jin haka a kunnensa lokacin da hasumiya ke ba shi umarni. Liman ma ba ya so. Ga masu sahun gaba da ladan: rufe wa waya murya ba ya hana wannan ƙara, domin ko ba ta yi kuka ba tana magana da eriya. Jirgi ne maganinta, kuma Alƙur'anin da ka riga ka sauke a tabulet yana buɗewa ba tare da rezo ba.

Sai kuma abubuwan da ake jingina wa maɓallin waɗanda ba nasa ba ne. Samari suna cewa idan ka sa jirgi ka karanta saƙon WhatsApp, mai shi ba zai ga alamar shuɗi ba. Jinkirta ta ka yi, da manhajar ta sake samun intanet za ta iya kai rahoto, kuma akwai wurin kashe alamar a cikin saitin manhajar ga wanda yake so. Iyaye suna sa jirgi su miƙa wa yaro tabulet. Dabara ce mai kyau, tana hana tallace-tallacen da ke faɗowa cikin wasanni, tana tsare kuɗin layi, amma ba kwaɗo ba ce, yaro ɗan shekara 5 zai cire ta kafin ka juya baya. Wasu kuma suna ɗauka jirgi yana ɓoye mutum ɗungurum. Gaskiya ne eriya ba ta jin ka, amma tunda GPS yana aiki, manhajar da ka ba izini tana iya rubuta inda ka bi ta aika daga baya. Ɓarawon waya kuwa ya fi kowa sanin maɓallin: abu na farko da yake yi ke nan don kada a bi sawu, shi ya sa ya dace wanda na'urarsa ta ba da dama ya hana a taɓa saitin sai an buɗe makulli. Ban ce komai ba game da masu sa jirgi ranar da mai bashi ya ce zai kira. Su da Allah.

Inda nake rabuwa da masu wa'azin “sa jirgi ka yi barci” shi ne dare. Shawara ce da ta dace da wanda ke zaune inda motar asibiti ke zuwa da kira ɗaya kuma maƙwabci ba ya buƙatarsa. A ƙauyukanmu waya ita ce motar asibitin. Mai naƙuda da za a kai asibitin Galmi ko na Ƙonni, da mai babur ake fara magana. Labarin ɓarayin shanu ko baƙin fuska a daji, ta waya yake riga su isowa, kuma duk wanda ke zaune kusa da iyakar Sakkwato a shekarun nan ya san wannan ba zancen nishaɗi ba ne. Saboda haka a raba aiki. Tabulet da babbar waya su kwana a jirgi, ba wanda zai mutu don bidiyo bai sauka ba. Ƙaramar wayar nan mai maɓallai, wadda batirinta ke kwanaki, ta kwana a kunne, kuma dangi su san lambarta.

Mun kuma ɗanɗana yadda abin yake idan wani ne ya danna maka. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ɗin salula a Nijar har kimanin kwana 10. A Satumban shekarar, aka kashe rezo gaba ɗaya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, Sakkwato ta bi da ƙananan hukumomi 14 cikin 23. Ko mutum ya yarda da dalilan ko bai yarda ba, darasin aiki ɗaya ne: abin da ka sauke ka ajiye a na'urarka shi ne naka ranar da rezo ya tafi, ko taswira ce, ko littafin makaranta, ko lissafin bashin abokan ciniki. Bluetooth kuma yana tura abu daga hannu zuwa hannu a tazarar 'yan mitoci ba tare da ya nemi izinin kowace eriya ba.

Duk da haka, danna jirgi sau goma a wuni don waya ta dawo gida ba magani ba ne. Maganin da ke hannun mai na'ura yana cikin saiti. A shiga wurin zaɓen rezo, a cire shi daga “ta zaɓa da kanta”, a nuna mata kamfanin gida da hannu. Daga nan ko rezon gida ya ɓace ba za ta tsallaka ba, za ta jira. A kuma kashe damar shan data a waje. Mai layi biyu, na +227 da na +234, kamar yadda 'yan kasuwar iyaka da yawa suke da su, yana iya kashe ɗaya ya bar ɗaya maimakon ya kashe duka. Aikin minti biyu ne, kuma da masu sayar da waya a kasuwar Ƙonni za su riƙa yi wa mai saye tun kafin ya bar shago, da sun rage wa kansu masu dawowa da ƙorafin wai wayar tana shan kuɗi.

Maganin da ya fi wannan kuwa ba ya hannunmu. Turai ta soke ƙarin kuɗin amfani da layi a ƙasashen ƙungiyarta tun 15 ga Yunin 2017, kuma dokarta ta ɗora wa kamfanoni nauyin kare mazauna bakin iyaka daga tsallakawar da ba su nufa ba. ECOWAS ta amince da tata dokar a Disambar 2017, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, sai a 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara a tsakaninsu. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A Nuwamban 2024 kuma hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan soke irin wannan kuɗi a tsakaninsu. Abu ne mai kyau, na yaba. Sai dai Bamako ta fi kilomita 1,000 daga Ƙonni, mutumin Malbaza ko Tsarnawa kuwa surukansa, abokan cinikinsa da malamansa suna Illela, Gwadabawa da Sakkwato. Lokacin da Najeriya ta buɗe iyakokinta a Disambar 2020 bayan rufewar fiye da shekara guda, Illela tana cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe, don kowa ya san nauyin abin da ke bi ta nan.

Ba sai an sasanta duk rigimar siyasa ba kafin a gyara wannan. Injiniyoyi sun san yadda ake karkatar da eriyar bakin iyaka a rage mata ƙarfi don kada ta yi nisa cikin ƙasar maƙwabta, kuma kamfani ya san sarai wane layi ne ya bayyana a eriyar waje alhali mintoci kaɗan da suka wuce yana kan ta gida. Ina kira ga hukumomin sadarwa, ARCEP a Yamai da NCC a Abuja, su zauna kan garuruwan iyaka, daga Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, su tilasta wa kamfanoni aiko da gargaɗi da Hausa duk lokacin da layi ya tsallaka, su kuma sa farashin gida ga wanda bai bar gida ba. 'Yan majalisa da sarakunan yankin nan su ma suna da baki a wannan magana, kuma wayoyinsu na tsallakawa kamar na kowa.